Sabuwar kyamara a kwali, biki sai Disamba: yadda za ka ajiye ta da batirinta a daminar Legas

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Agege ne, ina harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Na daɗe ina sha'awar ɗaukar hoto, to makon jiya Allah Ya hore mini na sayi sabuwar kyamara irin ta zamani da ake kira mara madubi, da lensi ɗaya, don na ga kullum kuɗinta hawa yake yi. Sai dai ba zan samu sukunin taɓa ta ba sai Disamba, lokacin bikin ƙanwata a Kano, ga shi yanzu muna Yuni. Har yau tana cikin kwalinta ban ɓare ba. Wani abokina ya ce kada in buɗe, wai da zarar an sa batir ya fara ƙirga kwanansa. Wani ya ce in yi wa batirin cajin awa takwas in ajiye. Wani ma cewa ya yi in sa shi a firiji. Ɗakina kuma yana da laima, har takalmana na fata suna yin fumfuna da damina. Maganar wa zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya sanya alheri, Ya sa ka more ta, Ya kuma kai mu bikin lafiya.

Idan na fahimce ka, abu uku kake son sani: ko ka buɗe kwalin ko ka bar shi, yadda za ka yi da batirin na tsawon wata shida, da kuma inda za ka ajiye kayan. Abokanka duk a kan batir suka tsaya. Ni kuwa abin da ya fi ɗaga mini hankali a wasiƙarka shi ne maganar takalman nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba. Na shafe sama da shekara ashirin ina ɗaukar hoton biki da suna da walima a garin nan, tun zamanin fim, ina kuma ɗan taɓa gyara, kuma kyamarorin da na ga laima ta kashe sun ninka waɗanda batir ya ba wa matsala. Batir in ya mutu, ka sayi wani. Lensi in fumfuna ta ci shi, sau da yawa sai dai haƙuri. Za mu zo kan wannan, amma bari mu fara da kwalin.

Ka buɗe kwalin yau, kada ka kai gobe

Mu 'yan kasuwa da 'ya'yan 'yan kasuwa mun saba ganin kayan da ba a ɓare ba a matsayin kaya mai daraja, kuma a wajen mai sayarwa haka ne. Amma kai ba sayarwa za ka yi ba. A wajenka kwalin da ba a buɗe ba cinikin biri a sama ne: ka biya kuɗi, ba ka ga abin da ka saya ba. Garantin kamfani, wanda galibi shekara ɗaya ne, daga ranar da ke jikin rasit yake fara tafiya, ba daga ranar da ka kunna kyamara ba. Kafin Disamba rabinsa ya tafi. Damar da mai shago ke bayarwa ta a dawo da kaya a canza kuwa 'yan kwanaki ce, ko a Computer Village da ke Ikeja ka saya, ko a Alaba, ko a cikin Eko. Akwai wani bawan Allah da ya kawo mini kyamara bayan wata huɗu da saye, ya ɓare ta a gabana, ledarta tsaf, kwalinta tsaf. Da muka duba adadin hotunan da shotarta, wato labulen cikinta da ke buɗewa ya rufe duk lokacin da aka ɗauki hoto, ta taɓa ɗauka, sai muka tarar da dubbai. Tsohuwa ce aka goge aka sake naɗewa. Ya koma shagon, suka ce wata huɗu ya yi nisa, ba su san abin da ya yi da ita ba. Da a makon farko ya buɗe, da maganar ta sha bamban.

Sannan kwalin kansa ba kariya ba ne. Takarda ce, kuma takarda shan laima take yi ta riƙe. Ɗan ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse laima da kamfani ke jefawa a ciki an sa shi ne don tafiyar hanya, ya daɗe da ƙoshi tun kafin kayan su bar tashar jirgin ruwa ta Apapa ko sito.

In ka buɗe, ka fara gwada lambar da ke ƙasan kyamarar da wadda ke jikin kwali da katin garanti, su zama ɗaya. Ka haska tocilar waya ta cikin lensin daga baya, ka leƙa ta gaba: ƙura ɗaya ko biyu ba komai ba ne, amma kada ka ga hazo ko wani zare-zare. Ka sa memori ka ɗauki hotuna da yawa, da bidiyo na 'yan mintuna, ka danna kowane maɓalli, ka murɗa duk abin da ake murɗawa. Ka tsuke ƙofar haske zuwa f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗe hoton ka zuƙo shi. Duk dattin da ke kan sensa, wato ɗan allon cikin kyamara da hoto ke sauka a kai, a nan zai fito. Ka rufe lensin da murfinsa ka ɗauki baƙin hoto, ka duba ko akwai ɗigon ja ko kore da ya kafe wuri guda. Duk wannan bai fi aikin awa ɗaya ba bayan sallar isha'i. Rasit ɗin kuma ka ɗauke shi hoto da wayarka yanzu, domin irin takardar nan mai santsi da injin kanti ke fitarwa rubutunta gogewa yake yi da zafi, kafin shekara sai ka ga farar takarda.

Batirin: abin da abokanka suka gada daga tsohon zamani

Maganar cajin awa takwas tana da asali, ba ƙirƙira abokinka ya yi ba. Batiran da muka yi aiki da su a da, na nikel, su ne ake yi wa dogon caji na farko, ana kuma son a ƙarar da su kafin a sake cikawa, in ba haka ba ƙarfinsu ya riƙa raguwa. Batirin kyamararka na litiyam ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, irin na wayarka. Halinsa daban ne gaba ɗaya. Cajarsa tana yanke wuta da kanta idan ya cika, galibi cikin awa biyu zuwa uku, don haka sauran awa biyar ko shidan zaman banza ne a jikin soket, kana jiran wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfi ta ƙona maka caja.

Shi kuma wanda ya ce kada ka sa batir don kada ya fara ƙirga kwana, sai ka gaya masa ƙirgen ya fara tun ranar da aka ƙera shi. Batirin litiyam yana tsufa ko ana aiki da shi ko yana kwance, domin sinadaran cikinsa ba sa daina cin juna. Abin da ke hannunka kawai shi ne ka rage saurin tsufan, kuma abu biyu ne ke hanzarta shi: zafi, da yawan cajin da ka bar shi da shi.

Bari in ɗan buɗe maka cikinsa don ka gane dalili, ba ka haddace doka kawai ba. Yawancin batiran kyamarori irin taka, kamar LP-E6NH na Canon, ko NP-FZ100 na Sony, za ka ga an rubuta bolt 7.2 a jikinsu. Ƙananan batura biyu ne a ciki aka jera, kowane bolt 3.6 a tsaka-tsakinsa, idan ya cika maƙil kuma ya kai wajen 4.2. A can saman, batirin a takure yake, kamar buhun da aka danna wa kaya har ɗinkinsa na ƙara. Kwana ɗaya ko biyu a haka ba komai. Wata shida a haka, cikin ɗaki mai zafi, ruwan sinadarin da ke ciki zai riƙa lalacewa a hankali, ƙarfin da ya tafi kuma ba ya dawowa. A can ƙasa kuma hatsarin ya fi muni. Batir yana zubar da ɗan caji kowane wata ko ba a taɓa shi ba, to idan ka ajiye shi babu komai a ciki, zai ci gaba da gangarawa har ya faɗa ƙasa da iyakar da ɗan allon tsaron da ke cikinsa ya yarda da ita, wajen bolt 2.5 a kowane ɗaya. Daga nan sai allon ya kulle shi. Ka sa a caja, fitila ta yi ta ƙiftawa da sauri, ya ƙi karɓa. Sabon batir fil, ko hoto ɗaya bai ɗauka ba, ya mutu a kwali.

Wannan na biyun shi ya fi kusa da kai, domin sabon batir ba ya zuwa a cike. Kamfanoni da gangan suke turo shi da ɗan caji kaɗan, kuma tun daga Afrilun 2016 dokar sufurin jiragen sama ta duniya ta hana a yi lodin batiran litiyam su kaɗai a jirgi da cajin da ya wuce kashi 30 cikin 100. Ka haɗa wannan da watannin da kayan suka yi a hanya da kan kanta kafin su zo hannunka, sannan ka ƙara wata shida naka a kai. Ka ga inda maganar "kada ka buɗe" za ta kai ka.

Ga abin da nake yi da nawa, shi nake ba ka shawara. Ka caje shi da cajarsa ta asali har fitila ta nuna ya cika, sau ɗaya, don ka tabbatar batir da caja duk lafiyarsu ƙalau. Ka yi gwaje-gwajen da na faɗa da shi, ka yi ta ɗauke-ɗauke har ya sauko wajen rabi. Ko kashi 40 ko 60 duk daidai ne, ba sai ka tsaya auna shi kamar gwal ba. Sai ka kashe kyamarar ka zare shi. Zarewar nan wajibi ce, saboda kyamara ko a kashe take tana ɗan tsotsar wuta, balle irin na yanzu masu haɗuwa da waya ta Bluetooth. Ka mayar masa da ɗan murfin robar da ya zo da shi a kan bakin ƙarfensa. In babu murfi, ka sa shi a 'yar leda shi kaɗai, kada ya haɗu da makulli ko kusa ko wani ƙarfe da zai haɗa bakunan biyu ya ta da wuta. Duk bayan wata biyu ka mayar da shi cikin kyamara ka ga inda yake. In ya sauko ƙasa da kashi 30, ka ɗan ɗaga shi zuwa rabi ka cire.

Za ka iya tarar da kyamarar ta manta kwanan wata da lokaci bayan ta daɗe babu batir. Kada ka tsorata. Akwai wani ɗan mitsitsin batir a cikinta mai riƙe agogo, daga babban yake sha, kuma idan ka mayar da babban na kwana ɗaya ko biyu zai farfaɗo. Ka dai tuna ka gyara kwanan watan kafin biki, don kada hotunan ɗaurin aure su fito da shekarar da ba ita ba.

Firiji kuwa, a'a. Gaskiya ne sanyi na rage tsufan batir, littattafan Nikon ma digiri 15 zuwa 25 suke cewa a ajiye shi, kuma ɗakin Agege da rana ya fi haka. Amma firijinmu na nan ba ya tsayawa a sanyi ɗaya. A ɗauke wuta ya huce, a kawo ya sake sanyi, kowane zagaye kuma raɓa ce ke sauka a kan ƙarfen batirin da cikinsa. Ribar da za ka samu a wata shida ba ta kai hasarar tsatsa ba. Ka nemi wuri mafi sanyi a ɗakin kawai: ƙasa-ƙasa amma ba a kan siminti ba, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka da yamma. Kada ka ɗora a saman wadirob in rufin kwano gare ka, nan ne zafi ke taruwa. Kada ka ajiye a kan firiji ko talabijin ko kusa da inbata, kuma don Allah kada ya kwana wuri ɗaya da jarkar man janareta.

Tunda na ambaci janareta: cajar kyamara tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, wutarmu kuma 230 ce, don haka ba ta buƙatar komai a tsakani in wutar na tafiya daidai. Abin da ke kashe ta shi ne bugun da wuta ke yi lokacin da NEPA ta dawo, ko lokacin da ƙaramin janareta ke shaƙewa man ya kusa ƙarewa. Ka yi caji kana wurin, ido biyu, ka zare in za ka fita ko za ka kwanta. In kyamararka na karɓar caji ta USB, fawa banki mai kyau ya fi wutar janareta kwanciyar hankali. Duk ranar da ka ga batir ya kumbura, ko yana shiga ramin kyamara da ƙyar, ko yana zafin da hannu ba ya jurewa a caja, ka daina aiki da shi nan take. Kuma in ya taɓa mutuwa ya ƙi caji, kada ka kai wa masu tayar da batir da wayoyin wuta biyu. Yakan tashi, amma wanda ya faɗi ƙasa sosai cikinsa ya riga ya samu rauni, kuma irinsa ne ke kama wuta daga baya.

Laima, wadda ita ce ainihin maganar

Mu da muka taso a Arewa ba mu san wannan abokiyar gaba ba sai da muka zo Kurmi. A Kano da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 da rana, leɓe na tsagewa, wanki na bushewa kafin ka gama shanya. A Legas da damina takan wuce kashi 80, kwana da kwanaki, musamman Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta, ta dawo a Satumba da Oktoba. Wato watannin da kyamararka za ta yi a ajiye su ne mafi jiƙa a shekara.

Kamfanin Zeiss na Jamus, wanda ya fi ƙarni yana ƙera gilasan kyamara, ya bayyana yanayin da fumfuna ke tsirowa a cikin lensi: laimar da ta kai kashi 70 ta wuce kwana uku, duhu, rashin motsin iska, zafi tsakanin digiri 10 da 35, da ɗan abin da za ta ci, kamar ƙura ko zaren tufafi ko maiƙon yatsa. Ka karanta wannan ka dubi cikin wadirob ɗinka. Babu sharaɗi ɗaya da ya ɓace. Ƙwayoyin fumfunar suna cikin iska ko'ina, ba a iya hana su shiga, abin da ake hana su shi ne ruwan da za su tsiro da shi. Takalmanka sun riga sun ba ka shaida cewa ɗakin ya dace da su.

Tana farawa ne daga gefen gilashi, kamar saƙar gizo-gizo siririya, ba ka ganinta sai ka haska. Hoto a lokacin lafiya lau yake fita, shi ya sa mutane ba sa farga. A hankali ta bazu zuwa tsakiya, hotuna su fara yin dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hazo, musamman in haske na fuskantarka. Mafi muni, tana fitar da wani ruwa mai cin fentin da aka shafa wa gilashin. In an kama ta da wuri, mai gyara zai kwance lensin ya wanke. In ta riga ta ci fentin, ko an wanke tabon na nan har abada. Shekarata ta biyu a Legas, ina zaune a wani ɗaki a Idi-Araba mai nason bango, na tafi gida ganin mahaifiyata da ba ta da lafiya, na yi wata biyu da rabi. Na bar lensin da na fi ji da shi a jakarsa ta fata, na tura ƙarƙashin gado don tsoron ɓarayi. Da na dawo na haska shi, sai da na zauna a bakin gadon na yi shiru. Kuɗin aikin biki shida ne ya tafi, kuma shekara guda na yi kafin na maye gurbinsa. Tun daga ranar ban sake barin gilashi ya kwana a jaka ba.

Maganin ba shi da tsada. Masu hali suna sayen durowar lantarki ta musamman mai busar da iska, kana saita mata lamba ta riƙe. Tana da kyau, wutar da take ci kaɗan ce, kuma ko an ɗauke wuta takan riƙe bushewarta na wani lokaci in ba a buɗe ta ba. Amma ga mai kyamara ɗaya da lensi ɗaya, a unguwar da wuta ke yin kwana ba ta zo ba, ni na fi son akwatin roba. Ka sayi robar ajiye abinci babba, mai murfin da ke da zoben roba a bakinsa da maƙallai huɗu, irin wadda ko miya ka zuba ka kifa ba ta zuba. Ka sayi silika jel, ƙwayoyin nan masu tsotse laima, mai canza launi, kamar cikin gwangwanin madara biyu. Ka sayi ɗan ma'aunin laima mai lamba, bai fi girman akwatin ashana ba. Ka zuba ƙwayoyin a safa mai tsabta ko ƙaramar roba mai huji, ka ajiye a kusurwa yadda ba za su taɓa gilashi ba, ka sa kyamara da murfinta, ka sa ma'aunin inda za ka hango shi ta jikin robar, ka rufe.

Lambar da kake nema tsakanin 40 da 50 ce. In ta haura 60 ta zauna, ƙwayoyin sun ƙoshi. Kada kuma ka yi ƙoƙarin kai ta ƙasa da 30 don neman ƙarin tsaro, bushewa da yawa na taurara robobin jikin kyamara da man da ke cikin lensi. Silika mai ruwan lemo takan koma kore ko fara idan ta sha ruwa, mai shuɗi kuma takan koma ruwan hoda. Ba a zubarwa, gasawa ake yi: a obin a kan digiri 120 na awa ɗaya zuwa biyu, ko a wani tsohon kasko a kan wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa har launin ya dawo, a bar ta ta huce a cikin kwalba rufaffiya. Mai shuɗin tana da sinadarin kobal mai cutarwa, don haka kaskon da aka gasa ta kada ya koma girki, kuma a nisanta ta da yara, domin tana kama da alewa a idonsu. In ka samu mai ruwan lemo, ita za ka ɗauka.

Abin da ba ya shiga akwatin yana da muhimmanci kamar abin da ke shiga. Jaka, igiyar rataya, kwali, soso, tsumman goge gilashi da aka yi aiki da shi, duk waje. Su ne ke ɗauke da laima da abincin fumfuna. Shinkafa da ake cewa tana tsotse ruwa ba ta da ƙarfin da zai yi wannan aiki, ga gari da take saki, ga ƙwari. Akwai kuma wasu robobin tsotse laima da ake sayarwa don ɗaki da wadirob, masu farin gishiri a sama yana narkewa ya taru a ƙasa ya zama ruwa. Suna aiki a ɗaki, amma kada ka kulle su da kyamara, domin ruwan nan in ya zube a kan ƙarfe cinye shi yake yi.

Abu biyu kuma na gidajenmu. Na farko kafur. Iyayenmu sun saba jefa shi a akwatin tufafi, kuma hankali zai ba ka cewa abin da ke korar ƙwari zai kori fumfuna. Littattafan kyamara sun hana ajiye ta tare da kafur ƙarara, saboda tururinsa na taɓa roba da fentin gilashi. Na biyu turaren wuta. Ƙamshin da ke kama labule da tufafi maiƙo ne ke sauka a kansu, haka yake sauka a kan gilashi, ya zama hazo, ya kuma zama abincin fumfuna. In ana turara ɗaki, kyamara na cikin robarta a rufe. Waɗanda ke zaune wajen Lekki da Ajah da sauran bakin teku suna da ƙarin gishiri a iska mai sa tsatsa a bakin batir da ramin memori. Kai a Agege wannan bai dame ka sosai ba, amma in ka taɓa kai ta bakin ruwa, ka goge jikinta da ɗan tsumma mai ɗanshi kaɗan, ta bushe sarai kafin ta koma akwati.

Batirin zai iya zama cikin akwatin da murfinsa, bushewar ba ta cutar da shi. Ni dai nakan ba shi 'yar robarsa daban, don in wani abu ya same shi kada ya shafi kyamara. In ka sayi filashi, wato fitilar ɗaukar hoto, mai cin ƙananan batiran tocila, su kam ka zare su tun yau, yoyo suke yi su cinye maƙallan ƙarfen.

Kafin Disamba

Ko da akwati, ka fito da ita aƙalla sau ɗaya a wata, ranar da gari ya washe. Ka sa batir, ka kunna, ka danna shota sau da yawa, ka juya zoben lensi gaba da baya don man ciki ya motsa, ka bar ta ta sha iska da haske na ɗan lokaci. Haske nake nufi, ba ka kafa ta tana kallon rana babu murfi ba, domin lensi tara hasken rana yake yi wuri guda, ya ƙona labulen shota ko sensa. In ka shiga da ita wuri mai na'urar sanyaya ɗaki ka fito cikin zafi, gilashin zai yi gumi nan take. Ka bar ta cikin jaka a rufe kamar rabin awa ta saba da waje kafin ka buɗe, kuma kada ka mayar da ita akwati da gumin a jiki.

A nan zan faɗa maka ra'ayina a matsayin yayanka a sana'a, ko da ba ka tambaya ba. Na san harkar gwari, tun asuba ake sauke kaya, mutum ba ya komawa gida sai ya gaji liƙis. Duk da haka kada ka bar kyamarar nan sai ranar biki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗaurin aure minti kaɗan ne, ba a maimaita shi don mai hoto bai gane maɓalli ba, kamu da wunin biki kuma galibi a cikin haske mai wahala ake yin su. Awa ɗaya ranar Juma'a bayan masallaci, ka ɗauki yaran maƙwabta da izinin iyayensu, ka ɗauki tulin tumatir da tattasai a kasuwa da safe, ka koyi yadda take kama fuska a inuwa. Kyamarar da ake fita da ita kowane mako da wuya fumfuna ta kama ta, batirinta ma ba ya samun damar faɗuwa.

Za ka buƙaci batir na biyu, domin mara madubi tana cin wuta, allonta da tagar leƙenta duk lantarki ne, ɗaya ba zai kai ka wunin biki ba. Amma kada ka saya yanzu ya zauna yana tsufa, ka bari sai Nuwamba, ka sayi na asali a wurin da za su ba ka rasit, ka gwada shi sau biyu kafin tafiya. Daren tafiya ko kwana ɗaya kafin nan ne za ka cika su duka maƙil. Memorin ma ka goge shi daga cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba.

In ta jirgi za ka bi daga filin Murtala Muhammed, batiran da ba sa cikin na'ura a jakar hannu doka ta ce su zauna, ba a kayan da ake aunawa a tura ƙasan jirgi ba. Na kyamara ƙanana ne, ba su kusa da iyakar da aka sa ba. In mota ce, jakar na kan cinyarka, kada ta shiga but, inda zafi da jijjiga da nauyin buhunan mutane za su haɗu a kanta. Da ka isa Kano kuma abokiyar gabar ta canza: laima ta tafi, ƙurar hunturu ta zo, mai laushi kamar gari, tana shiga ko'ina. Kada ka cire lensi a tsakar gida ko a filin ɗaurin aure. In dole ne, ka shiga ɗaki, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi da sauri. Kada ka goge gilashi da bakin riga ko hula, ƙurar yashi ce, karce shi za ta yi. Ka fara hure ta da 'yar robar busa iska tukuna.

Ban ga kyamararka ba, ba ka kuma faɗi samfurinta ba, don haka abin da na ba ka shi ne abin da ya game yawancinsu. Kamfanoni sun ɗan saɓa a kan cajin ajiya: wasu littattafan, musamman tsofaffi, suna cewa a yi aiki da batir har kyamara ta nuna ya ƙare sannan a ajiye, a riƙa sabunta shi duk wata shida, sababbi da yawa kuma rabi suke cewa. Inda littafin da ke cikin kwalinka ya saɓa da maganata, bi nasa, su suka ƙera abinsu, kuma da shi za su yi maka hukunci in ka je neman garanti. Akwatin roba ma yana rage hatsari ne ƙwarai, amma aikinsa ya dogara da kai: in ka manta ƙwayoyin suka ƙoshi, ya koma rufaffen wuri mai laima da duhu, wanda ya fi wadirob muni. Ka ajiye shi inda idonka zai riƙa faɗawa kan lambar nan kullum in za ka fita kasuwa. In kuma yau da ka haska lensin ka ga zare ko hazo a ciki, kada ka kwance shi, kada ka sa masa komai, ka mayar da shi shagon gobe da safe da rasit ɗinka a hannu.